Yadda Ake Gano Abin da Ke Tsinka Zare a Keken Ɗinkin Bargo Mai Dogon Hannu

Bargo mai hawa uku (yadin sama, auduga a tsakiya, yadin baya) ya shimfiɗu a kan firam ɗin da keke mai dogon hannu yake yawo a kansa, hannu ya kama zanen da ake bi, aiki ya fara daɗi, sai ka lura allura tana ta hawa da sauka amma babu ɗinki a bayanta, ramuka kawai take bari. Ka tsaya, ka sake zura zare, kafin ka yi taki guda ya sake tsinkewa. A irin wannan lokaci hannu yakan tafi kai tsaye wajen mamurɗin tsaurin zare. A murɗa hagu, a murɗa dama, a canza allura, a ɗauko wani zaren, a taɓa sukurun gidan kwarkwaro, duk a cikin minti biyar. In an yi sa'a ya daina, ba a san abin da ya gyaru ba. In bai daina ba, an ɗora matsala uku a kan guda ɗaya.

Zare ba ya tsinkewa haka kawai. Ko dai wani abu yana jan sa fiye da ƙarfinsa, ko wani abu yana gurzar sa, ko kuma shi kansa ba shi da ƙwari. Aikinka shi ne ka gano wanne ne daga cikin ukun nan, kuma hanya ɗaya na sani da ba ta ba da kunya: a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce zuwa na gaba, a fara da mai sauƙi kafin a kai ga mai wuya.

Wannan keke yana wahalar da zare fiye da keken gida, kuma da dalili. Yawancin irin waɗannan kekuna suna iya yin ɗinki tsakanin 1,800 zuwa 3,000 a minti guda. Ba su da haƙoran da ke jan yadi gaba, keken ne kake turawa gabas da yamma, kudu da arewa, allura tana lanƙwasawa kaɗan duk inda aka nufa. Sannan kowane ɗan yanki na zaren sama yana shiga kafar allura ya koma baya sau da yawa kafin ya samu wurin zama a cikin yadi. Saboda haka ɗan kaifin da ido ba ya gani ya isa ya cinye zare, tunda ba sau ɗaya yake gurzar sa ba.

Kafin a fara, ka tanadi wurin gwaji. A gefen bargon galibi akwai rarar yadin baya da audugar tsakiya. Ka ɗora ƙyallen irin yadin saman a kansu ka riƙa gwaji a nan, ba a jikin aikin ba. Ka ajiye tocila, gilashin ƙara girma, ƙaramar sukundireba, tsinken goge kunne mai auduga, sabbin allurai, da dunƙulen zaren da ka san bai taɓa ba ka matsala ba. Duk lokacin da hannunka zai kusanci allura ko ƙugiya, wato ƙarfen da ke juyawa a ƙasa yana kama zaren sama, ka kashe keken.

Mataki na farko: duba bakin zaren da ya tsinke

Kada ka yi saurin yanke shi ka jefar. Shi ne shaidar farko da kake da ita.

Ka fara tabbatar da wane zare ne ya tsinke, na sama ko na ƙasa. Sau tari mutum yakan ɗauka zare ya tsinke alhali kwarkwaro ne ya ƙare. In na sama ne, ka ɗaga bakinsa a haske. Idan ya yanke tas kamar an sa almakashi, kuma wutsiyarsa ta zabura ta koma sama har ta fita daga wasu kafofin, fizga ce ta tsinka shi: ya maƙale a wani wuri, ko tsauri ya yi yawa. Idan kuwa bakin ya yi gashi-gashi, silinsa ya rarrabu, ko ka ga zare ya taru ya yi cunkus a saman kafar allura, gurza ce: allura ta yi masa ƙanƙanta, ko ta lalace, ko akwai kaifi a hanyarsa. Idan zaren roba ne, bakinsa ya yi ɗan tauri kamar ya narke, zafin allura ne.

Ka kuma tambayi kanka abu biyu. Me na canza kafin wannan ya fara? Sabon zare, sabon kwarkwaro, sabon yadin baya, ko allura ta karye ɗazu? Sannan a ina yake tsinkewa: ko'ina, ko sai an nufi wani ɓangare, ko sai an hau mahaɗar ɗinki mai kauri? Amsar waɗannan tambayoyi takan rage rabin aikin.

Mataki na biyu: zare zaren gaba ɗaya, ka sake zurawa

Na ce gaba ɗaya, tun daga dunƙule, ba daga inda ya tsinke ba. Ido yana yaudara. Zare zai iya zama kamar yana kan hanya alhali ya naɗe wani sukuru a baya ko ya tsallake kafa guda.

Ka duba sandar da ke ɗaga zare sama, kafarta ta kasance daidai a kan tsakiyar dunƙulen. In ta kauce, zare yana gogar gefen dunƙule yana fita da fizga. Dunƙule mai tsini wanda aka naɗe a gicciye, ta sama ake jan zarensa. Ƙaramin naɗi irin na keken gida wanda zarensa ya kwanta layi bisa layi, ta gefe yake so a ja shi yana juyawa. In an ja shi ta sama yakan murɗe ko ya kama tsagar da ke bakin robarsa. Zare mai santsi kuma yakan zubo ya taru a gindin dunƙule ya shige ƙarƙashinsa, sai a ji tas. Maganinsa 'yar ragar da ake sa wa dunƙule.

Sai wurin da aka fi yin kuskure, wato fayafai biyun da ke matse zare. A keken gida, in ka ɗaga takalmi, wato ƙarfen da ke danne yadi, fayafan suna buɗewa zare ya faɗa ciki. Yawancin kekuna masu dogon hannu ba su da wannan. Dole ka riƙe zaren da hannu biyu, sama da ƙasan fayafan, ka ja shi da ɗan ƙarfi har ka ji ya shige tsakaninsu. In ya hau bakinsu kawai, babu tsauri ko kaɗan, zare zai taru a ƙasan bargo ya sarƙe ƙugiya ya tsinke, kai kuma kana ta ƙara murɗa abin da ba ya riƙe komai. Tun da ka zo nan, ka buɗe fayafan da farce ka duba ko akwai guntun tsohon zare ko burbushi a ciki.

Bayan ka gama, kafin ka zura allura, ka ja zaren a hankali kamar tsawon hannu. Ya kamata ya zo da nauyi iri ɗaya. In kana jin yana kamawa yana saki, akwai abin da ke riƙe shi a sama, ka bi shi da ido har ka gani.

Mataki na uku: allura

A nan zan daɗe, domin a ganina mafi yawan tsinkewar zare daga allura take, kuma ita ce mafi sauƙin canzawa. Ko da yau ka sa ta, ka cire ka sa sabuwa. Sabuwar allura ma takan zo da aibi, kuma taɓa fil guda ko gefen rula ya isa ya lalata tsininta. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce sabuwar allura ga kowane bargo, ko bayan aikin kamar awa 8.

Ka tabbatar da nau'in da kekenka yake ɗauka. Da yawa suna amfani da allurar masana'anta mai lamba 134, wadda ake kuma rubutawa 135x5 ko DPx5, wasu kuma irin ta MR da aka ƙera don ɗinkin da ke tafiya kowane ɓangare. Akwai kuma waɗanda suke ɗaukar allurar keken gida, kamar jerin Q na Bernina. Allurai biyu za su iya yin kama a ido amma tsayinsu ko kwarminsu ya bambanta, sai ƙugiya ta kasa kama zare yadda ya kamata. Abin da littafin kekenka ya ce, shi za ka saya.

Sai girma. Lambar allura da lambar zare suna tafiya ne a saɓanin juna: allura, in lambarta ta ƙaru kauri ya ƙaru, zare, in lambarsa ta ƙaru siranta ya ƙaru. Zare mai lamba 40 yana son allura 18, wato 110 a lissafin Turai, ko MR 4.0. Mai lamba 50 yana tafiya da 16, wato 100 ko MR 3.5. Mai kauri irin 30 sai an kai 19 ko sama. In zare yana yin gashi a bakin allura, ka hau mataki ɗaya a girma kafin ka taɓa wani abu. Mutane suna gudun babbar allura don tsoron manyan ramuka, amma ramukan sukan rufe bayan an sauke bargo an wanke shi, kuma babbar allura ba ta lanƙwasawa kamar siririya.

Ga gwajin da ba ya cin minti guda. Ka yanki zare kamar tsawon hannu, ka zura shi a allurar da ba ta jikin keke, ka riƙe bakunan biyu ka karkata shi. In allura ta sulale da kanta zuwa ƙasa, sun dace. In tana tsayawa sai ka girgiza, kafarta ta yi wa zaren ƙanƙanta.

Yanzu sanyawa. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya a baje a gindinta, ba ta shiga sai ta hanya ɗaya. Ta masana'anta gindinta kewayayye ne, za ta shiga ta kowace fuska ta zauna daram, ko daidai ko ba daidai ba. Ka shafa ta da farce: a gefe ɗaya akwai doguwar tsaga da ta taho tun daga sama har kafa, a ɗaya gefen kuma ɗan kwarmi a saman kafar. Doguwar tsaga ita ce mafakar zare lokacin da allura ke ratsa yadi, kuma ita ke fuskantarka in kana tsaye a gaban keke. Kwarmin yana baya, wajen ƙugiya. Ka tura allura sama har ta tokare. Kekuna da dama suna da ɗan rami a jikin sandar allura da za ka leƙa ka ga gindinta ya kai ƙarshe. Kafin ka ɗaure sukuru, ka sa bakin siririn fil a kafar a hankali don ka ga inda ta dosa. Fil ɗin ya nuno ka kai tsaye, kamar hannun agogo a ƙarfe 6. Wasu kekuna sun fi jin daɗi in an karkata ta kaɗan ƙwarai, kamar 6 da rabi, amma ka fara da daidai, karkatarwa sai in tsallaken ɗinki ya ƙi ƙarewa.

Mataki na huɗu: zaren kansa

Ka ɗora dunƙulen nan da ka amince da shi, ba tare da ka canza komai ba, ka yi gwaji. In ya tafi lafiya, ka gano mai laifi. Zaren auduga da ya daɗe a rana ko a busasshen wuri yakan yi rauni. Ka naɗe shi a yatsu ka ja, in ya tsinke ba tare da gardama ba, ba zai jure gudun wannan keke ba. Zaren da aka yi don keken dajiya ko don ɗinkin hannu ma ba na nan ba ne. Zare mai ƙyalli irin na ƙarfe da siririn zaren roba mai kama da gashi suna aiki, amma sai an sassauta tsaurin sama sosai, an rage gudu, kuma an rage yawan kafofin da yake bi a ƙarfen nan mai ramuka uku da ke gaban fayafai, domin kowane rami ƙarin ja ne.

Mataki na biyar: tsauri, daga ƙasa zuwa sama

Sai yanzu aka zo wurin da hannu yake son zuwa tun farko, kuma ko a nan ba da mamurɗin sama ake farawa ba. Da kwarkwaro ake farawa.

Dalili kuwa shi ne zaren sama da na ƙasa jan igiya suke yi, ana so ƙullinsu ya ɓuya a tsakiyar auduga. In na ƙasa ya yi tsauri da yawa, zai riƙa janyo na sama zuwa bayan bargo, kai kuma ka ga haka ka ƙara matse na sama don ya rama. Ɗinki zai iya yin kyau a ido, amma zaren biyu suna ɗaure tamau, da an zo kwana ko an ƙara gudu sai na sama ya tsinke. Keke mai dogon hannu ya fi son kwarkwaro mai sassauci fiye da yadda wanda ya saba da keken gida yake tsammani.

Ka ciro gidan kwarkwaro ka goge shi. Ka ɗauki kusurwar siririn kati ka zura ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne zare. Za ka yi mamakin irin dunƙulen burbushin da kan fito daga nan, kuma shi kaɗai ya isa ya rikita tsauri. Ka duba kwarkwaron: naɗin ya yi tauri ko'ina, ba ya lotsawa in ka danna da farce, bai cika har ya tumbatsa ba, kuma bakinsa bai lanƙwashe ba. Gidan kwarkwaron da ya taɓa faɗuwa a ƙasa mai tauri yakan ɗan lotse yadda ido ba zai gani ba, sai kwarkwaro ya riƙa juyawa yana cijewa. Shi ya sa nake ganin ajiye na biyu wajibi ne, ko don gwaji. Ka kuma tabbatar da girman, domin akwai L akwai M, M ya fi girma, kuma ba sa musanya. A cikin gidan akwai wani siririn ƙarfe mai aikin birki, yana hana kwarkwaro ci gaba da juyawa bayan keke ya tsaya. In ya kwanta ya daina aiki, zare zai warware a ciki ya sarƙe. In kuma kana amfani da kwarkwaron da aka naɗo daga masana'anta mai maganaɗisu a jikinsa, ana cire wannan birkin, saboda maganaɗisun ya riga ya ɗauki aikinsa.

Gwajin tsaurin ƙasa: ka kwantar da gidan a tafin hannunka da kwarkwaro a ciki, ka ja zarensa zuwa sama. Ya kamata gidan ya miƙe tsaye a tafin, zare yana fita sumul, amma kada ya tashi ya bar hannunka. In ya tashi yana lilo, ya yi tsauri. In ko motsi bai yi ba, ya yi sako-sako. Mai ma'aunin TOWA, wato na'urar auna tsaurin zaren kwarkwaro, ya huta da kintace. Da yawa suna samun biyan buƙata tsakanin 180 da 220, kuma abin lura ba lambar kaɗai ba ce, har da ko allurar ma'aunin tana tsaye ko tana tsalle yayin da kake ja. Tsalle yana nufin naɗi mara kyau ko gidan da ya lotse. Sukurun da ake juyawa shi ne babba daga cikin biyun da ke jikin ƙarfen, dama matsewa, hagu sassautawa, kuma kaɗan-kaɗan ake yi, kamar tafiyar minti biyar a fuskar agogo.

In ƙasa ta zauna, kada ka sake taɓa ta. Ka koma sama, ka sassauta har ɗinki ya lalace a fili, sannan ka riƙa matsewa rabin juyi, rabin juyi, kana ɗinka da'ira da kwana masu tsini a wurin gwaji, domin a nan aibi yake fara bayyana. Ka leƙa ƙasa da tocila, ka kuma shafa da farce. In zaren ƙasa ya kwanta a miƙe kana jin ƙullin na sama kamar ƙananan tsakuwa, ko ka ga zare ya yi kamar gashin ido a wajen kwana, ƙara matse sama. In zaren ƙasa ya fara leƙowa a fuskar bargo, ka wuce, koma baya kaɗan. Ka tsaya a mafi ƙarancin tsaurin da ya ba ka ɗinki mai kyau.

Kafin ka mayar da gidan, ka share wurin ƙugiya da buroshi, ka ɗiga mata ɗigo ɗaya na man keke a inda littafinka ya nuna. Busasshiyar ƙugiya tana zafi, sautinta ma yakan canza. Ka tura gidan har ka ji ya yi ƙas.

Mataki na shida: yadda bargo ya zauna a firam

Sababbin hannu suna son su ja bargo ya yi tauri kamar fatar ganga, suna ganin hakan ne zai hana tattarewa. Yadin da aka ja haka yana matse allura, yana lanƙwasa ta, yana gurzar zare a kowane shiga da fita. Ka sa yatsa daga ƙasa ka turo sama. Ya kamata ka iya kama kan yatsan da ɗaya hannun ta cikin bargon. In ba ka iya ba, ka saki haƙori ɗaya ko biyu a sandar naɗi. Maƙalan gefe ma aikinsu su riƙe, ba su ja ba.

Ka duba sandar baya da bargo yake naɗuwa a kanta. Yayin da naɗin yake ƙara kauri, yakan fara danne gadon keke ko ya ɗaga bargon sama da shi. A firam ɗin da ake ɗaga sandar da hannu, ana so a bar tazarar kamar kaurin yatsa tsakanin naɗin da gadon keke, kuma a riƙa dubawa duk bayan an naɗa.

Wani lokaci kuma kayan ne. Yadin batik da zanen gado saƙarsu a matse take ƙwarai. Yadin da aka yi wa fenti a fuska, da gam ɗin da ake mannawa da dutsen guga, da gam na fesawa, duk suna barin danƙo a jikin allura. Ka shafa allurar. In ka ji tana kama yatsa, ka goge ta da ɗan sifirit, ka hau babbar allura, ka rage gudu.

Mataki na bakwai: gudu da inda aka dosa

In zare yana tsinkewa ne kawai lokacin da kake tura keke daga dama zuwa hagu, ko kana tura shi baya, ba ƙaddara ba ce. A yawancin kekuna waɗannan ne ɓangarorin da allura take lanƙwasawa ta yi nesa da ƙugiya ko zare ya fi shan murɗa. Babbar allura, sassaucin bargo da rage gudu sukan magance shi. Ka kuma lura da hannunka: fizga a wajen kwana, ko tsayawa wuri ɗaya allura tana ta dukan rami guda, duk suna cin zare. In kana amfani da na'urar daidaita tsawon ɗinki, 10 zuwa 12 a inci shi ne abin da aka saba. Ƙanana fiye da haka da zare mai kauri tarin zare ne a wuri ɗaya. In na'urar tana ba da dogayen ɗinki nan da can, ka goge layin dogon da tayoyi, ka tabbatar ƙananan tayoyin da ke ƙirga tafiya suna taɓa layin.

Mataki na takwas: farautar kaifi

In duk wannan bai yi ba, musamman in allura ta karye kwanan nan, akwai inda aka ji wa ƙarfe rauni.

Na taɓa shafe kwana biyu a kan wani bargo mai launin shuɗi, zare yana yin gashi duk bayan taki biyu ko uku, kuma sai in na nufi hagu. Na canza allura har sau uku, na canza zare, na daidaita tsauri. A daren na biyu na tuna cewa mako guda kafin nan allura ta daki gefen rula ta karye. Na cire farantin allura, na kai shi ƙarƙashin fitila, ban ga komai ba. Da na zura tsinken auduga a ramin na juya shi, sai silin auduga guda biyu suka maƙale a gefen hagu na bakin ramin. Da gilashi na ga wurin: ɗan tabo, bai kai kan fil ba. Na goge shi da igiyar gurza ƙarfe mai laushi na minti kaɗan, na mayar, na ƙarasa bargon ba tare da zare ya sake tsinkewa ba.

Haka za ka bi ko'ina da tsinken auduga ko guntun safar nailan: kowace kafa da zare yake bi, hannun da ke sama da ƙasa da zare, 'yar kafar da ke saman allura, cikin zoben takalmi, ramin faranti, gefen gidan kwarkwaro, bakin ƙugiya, da ɗan yatsan ƙarfen da ke hana kwandon ƙugiya juyawa. Duk inda auduga ta kama, nan ne. Tsofaffin kafofi kuma zare yakan sassaƙa musu kwari saboda shekarun wucewa. Irin waɗannan canzawa ake yi. Faranti da kafofi za ka iya gogewa da kanka. Bakin ƙugiya kuwa ka yi hattara, gogewa kaɗan ce, domin in ka rage masa tsini ka canza yadda yake kama zare.

Mataki na tara: abubuwan da ake bari ƙarshe

Takalmi, wato zoben da ke tsalle a kan yadi, aikinsa ya danne bargo lokacin da allura take fitowa. In ya yi sama da yawa, yadi zai biyo allura, ɗan zoben zaren da ƙugiya take jira ba zai samu ba, sai tsallake da tsinkewa. Ka juya keke da hannu har allura ta kai ƙarshen saukarta, babu bargo a ƙasa. Tazarar takalmi da faranti kamar kaurin katin kasuwanci ce a yawancin kekuna. Ka tabbatar kuma allura tana sauka a tsakiyar zoben da tsakiyar ramin faranti.

Sai siririn sifirin da ke jikin fayafan tsauri. Ka taɓa shi da yatsa, ya kamata ya sauka ya dawo da kuzari. In ya karye ko ya mutu, zare zai yi sako-sako a daidai lokacin da allura take shiga yadi, har ta soke shi. Canza shi ba wuya.

Na ƙarshe shi ne saitin haɗuwar allura da ƙugiya. Yadda abin yake: allura ta kai ƙasa, ta fara hawa kaɗan, zare ya yi ɗan zobe a bayanta, bakin ƙugiya ya iso cikin kwarmin nan, sama kaɗan da kafa, ya wuce dab da allura kamar zai taɓa ta. Za ka iya cire faranti ka juya da hannu ka kalla, kallo ba ya ɓata komai. Amma wannan saiti ba ya gocewa da kansa, sai an yi karo mai ƙarfi ko zare ya cushe ƙugiya har keke ya tsaya cak. In babu ɗayan biyun da ya faru, ka bar sukurorin nan yadda suke, kada garin neman gira a rasa ido. In kuwa ka ga tazara a fili tsakanin ƙugiya da allura, ko kana jin tana dukanta, ka bi littafin kekenka layi bisa layi, ko ka kira makanikin da ya san irinsa, ka kuma faɗa masa duk abin da ka riga ka gwada.

Gyaran wurin da ya tsinke

Kada ka ɗora sabon ɗinki a kan bakin da ya tsinke ka wuce, zai warware bayan wanki. Ka warware ɗinkin baya da bakin fil, ɗaya bayan ɗaya, har ka samu wutsiya mai tsawon inci uku ko huɗu, zai fi kyau ka tsaya a wata kwana ko mahaɗar yadi inda ido ba zai kama ba. Ka ja zaren sama don na ƙasa ya leƙo, ka fito da shi, ka ƙulla su biyun. Ka zura su a allurar hannu, ka shiga ta ramin ɗinkin ƙarshe, ka bi cikin auduga kamar inci guda ka fito, ka ja har ƙullin ya shige ciki, sannan ka yanke. Ka sauke allurar keke a wannan ramin, ka janyo zaren ƙasa sama, ka riƙe wutsiyoyin biyu ka ci gaba, daga baya su ma ka binne su haka. Ramukan da allura ta bari babu zare, ka ɗan fesa musu ruwa ka shafa da farce ko buroshi mai laushi, za su rufe.